Ƙashin da Ke Bayan Idon Inna Tela

Duk wanda ya san layin nan ya san Inna Tela ba ta taɓa neman mai zura mata zare a allura ba. Shekarunta sun ja, sa'o'inta duk sun koma sa tabarau, wasu ma sun ajiye sana'a sun zauna renon jikoki. Ita kuwa sai ta lashi bakin zare, ta karkata kai wajen hasken ƙofar shago, ta cusa sau ɗaya ya wuce. Abin alfaharinta ke nan a duniya, kuma ba ta ɓoye shi. Da keken ɗinkin nan ta rufa wa kanta asiri bayan rasuwar maigidanta, da shi ta ƙarasa renon 'ya'yanta biyu: babban, wanda take kira Manaja don tun yana rarrafe yake son tsara wa mutane rayuwa, sai Auta, wadda hawaye ba sa yi mata wuyar zuwa.

Abin ya fara ne da ruwa. Idon hagu ya riƙa zubar da hawaye ba dalili, goshinta ya yi nauyi, hancin ɓangaren ya toshe ba mura ba komai. Ta share, ta ce aiki ne. Sai wata rana maƙwabciyarta mai kantin zare ta tsaya tana kallonta har kallon ya yi yawa.

"Lafiya kike ƙare mini kallo? Sabuwar fuska na sako yau?"

"Inna Tela, idon nan naki ya fito. Ki duba madubi ki gani, ya fi ɗan'uwansa turowa."

Ta duba a madubin da masu ɗinki suke gwada kaya, ta ga gaskiya ne. Manaja ya kai ta asibiti a motarsa, Auta na baya riƙe da jaka. Likita ya latsa nan, ya haska can, ya ce ba zai ce komai ba sai an ɗauki hoton cikin kai, a ga abin da ke tura idon daga baya.

Ɗakin hoton sanyi ne da shi kamar an buɗe firij. A tsakiya akwai wata na'ura mai faɗin baki, da siririn gado da ke shigewa cikinta. Mai ɗaukar hoton wata matashiya ce mai fara'a. Ta ce Inna ta cire 'yan kunne da duk wani ƙarfe da ke wajen kai da wuya. Inna ta cire 'yan kunne, ta ce shi ke nan. Yarinyar ta nuna wuyan rigarta, ta zaro fil, ta sake zaro wani, ta sake zaro allura mai zare a jiki.

"Mama, shagon gaba ɗaya kika taho da shi?"

"'Yar nan, tela ba ta fita tsirara," in ji Inna, ta kwanta.

Aka ce kada ta motsa, ba ta motsa ba. Gadon ya ja ta ciki, na'ura ta yi ɗan gurnani, aka fito da ita. Iyakar abin da ta sani ke nan. Sauran sai daga baya ta ji shi.

Ga abin da ya faru. A jikin ƙofar ɗakin da ma'aikata suke zama akwai ɗan gilashi, Manaja da Auta kuwa suna tsaye a baranda sun kafa ido a kansa. Suka ga mai ɗaukar hoton ta matso da fuskarta kusa da allon kwamfuta. Suka ga ta miƙe ta yafito wani abokin aikinta. Shi ma ya duba, ya riƙe haɓa, ya fita ya dawo da wata. Suka taru su uku, wannan ya nuna da biro, waccan ta girgiza kai. Auta ta cafki hannun Manaja.

To, kowace sana'a da halinta. Masu ɗaukar irin wannan hoton sun wuni suna ganin abu iri ɗaya, don haka ranar da wani abu da ba kasafai ake gani ba ya fito tas, sai sun kira juna a zo a gani, yadda tela take kiran maƙwabciya in an kawo mata yadin da ba ta taɓa taɓawa ba. Kuma dokar aikinsu ce ba sa gaya wa mara lafiya ko danginsa abin da suka gani, wannan na likita ne. Saboda haka da Manaja ya tare yarinyar a baranda ya ce ta faɗa masa gaskiya, sai ta gyara fuska ta ce, "Yallaɓai, likita ne zai yi muku bayani idan kun dawo." Ta miƙa masa babban ambulan mai ɗauke da hoton. Shi kuwa bai ji komai ba sai yadda fara'arta ta ɗauke.

Da suka koma gida Inna ta shiga ta kwanta, shi ya shige ɗakinsa da Auta, ya zaro hoton ya ɗaga shi jikin taga. Layi-layi ne na ƙananan hotuna, baƙi da toka-toka. A cikin wasu, can tsakanin ramin ido da saman hanci, ga wani abu fari fat, dunƙulalle kamar ƙwan tantabara, alhali ɗaya ɓangaren babu shi. Mutumin da aikinsa tsara jadawalin motocin kamfani, wanda bai taɓa riƙe irin wannan hoton ba sai yau, nan take ya gama karatu ya yanke hukunci. Ya ce ciwon daji ne, kuma ya ci wuri.

Ba za a ce ba su da abin tsoro ba. Haka aka yi da mahaifinsu. Likita ya faɗa masa ciwonsa a gaban idonsa, aka yi ta yanka da allurai, mutumin ya dawo gida ya juya fuska bango, bai ƙara dariya ba har ya tafi. Manaja ya ce wa Auta ba za a maimaita ba. Babu likitan da zai kalli Inna ya faɗa mata wannan magana, babu mai wahalar da ita a banza. A bar ta ta ƙarasa kwanakinta cikin kwanciyar hankali. Ya tura ambulan ɗin bayan kwaba, ya sa Auta ta yi alkawarin riƙe bakinta.

Washegari ya zauna gefen gadon Inna da murmushin da bai saba yi ba.

"Inna, na koma na ga likita. Ya ce ba komai ba ne, gajiya ce ta taru. Hutu kawai kike bukata. Shago a rufe shi tukuna."

"A rufe? Ina da ɗinkin mutane a rataye."

"An mayar musu da kayansu."

"An mayar? Wa ya mayar?"

"Ni. Ai umarnin likita ne, Inna."

Ta haɗiye maganar da ta zo mata, don ita mace ce mai girmama likita. Aka lulluɓe keke da tsohon zanin gado, aka sa wa shago kwado, makullin ya shige aljihun Manaja.

Daga nan aka shiga lallaɓa ta, lallaɓawar da ta fi duka ciwo. In ta ɗauki tsintsiya a karɓe. In ta nufi kicin a tare ta a ƙofa. Matar Manaja, wadda a da gaisuwa ma sai ta ga dama, yanzu ita ce mai durƙusawa da kofin shayi tana tambayar ko sukari ya ji. Jikoki aka hana su gudu a tsakar gida. Dangin da rabonta da su tun zaman makokin maigida suka riƙa ɓullowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da ledar lemo, su zauna su yi shiru, su kalle ta, su kalli ƙasa. Inna ta ce wa Auta, "Wai ni sarauta aka ba ni ban sani ba?" Auta ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ta fice da sauri.

Idon kuwa bai san ana hutu ba. Da farko abu ɗaya ya riƙa zama biyu in ta kalli gefe. Daga baya launuka suka dushe a hagun, jan mayafinta ya koma kamar an wanke shi da yawa. Sannan wani hazo ya fara rufowa daga gefe. Ta ce wa Manaja a mayar da ita asibiti. Ya ce likitan ya yi tafiya. Ta sake magana, ya ce an ɗaga ranar. Ta sake, ya kawo mata maganin ɗigawa daga kantin magani, ya ɗiga mata da hannunsa yana ce mata sannu. Watanni suka shuɗe a haka, tana zaune kan kujera hannuwanta a cinya, hannuwan da ba su san zaman banza ba.

Mai kantin zare ce ta fasa ƙwan, ba da niyya ba. Ta zo da rana tsaka, ta zauna bakin tabarma, ba ta gama gaisuwa ba ta fara jan hanci.

"Inna Tela, na zo ki yafe mini. Shekarun baya ni na ce wa mutane kalmasarki tana karkacewa. Wallahi ƙarya nake, haushi ne don kin daina sayen zare a wurina. Ki yafe mini tun da sauran lokaci."

"Kalmasata ba ta taɓa karkacewa ba, wannan kowa ya sani. Amma wane lokaci ne ya rage?"

Matar ta toshe baki da mayafi, ta nemi takalmanta, ta fita ko sallama babu.

Inna ta daɗe zaune. Ta tuno lemon, ta tuno shayin, ta tuno murmushin Manaja. Sannan ta kira Auta, ta ce ta rufe ƙofa ta zauna nan gabanta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta kalle ta da idon da ya rage mai kyau, ta ce, "Faɗa mini abin da duk layin nan suka sani ban da ni." Auta ba ta iya minti ɗaya ba. Ta faɗa jikinta tana kuka, ta zayyane komai, tun daga gilashin ƙofa har bayan kwaba.

Tsoro ya zo mata, ba za a ce bai zo ba. Amma ɓacin rai ya riga shi zama.

"Wato kun yanka mini likkafani ba ku ko auna ni ba. Me likitan ya ce da bakinsa?"

"Ba mu koma ba, Inna."

"Ba ku koma ba."

"Yaya ya ce ai mun gani da idonmu."

"Yayanki ya gani. To, madalla. Ɗauko mini hoton kaina, tunda dai kan nawa ne. Ki ɗauko mayafinki. In mutuwa ce ma ina so a faɗa mini ina zaune, in san wa zan bar wa kekena."

Suka hau motar haya. A barandar ɗakin hoto suka ci karo da yarinyar nan mai fara'a, ta tsaya cak, fuskarta ta washe.

"Mama mai fil. Ina kika shige? Hotonki har yau ana nuna wa ɗalibai, don ba mu taɓa samun wanda ya fito tsaf kamarsa ba."

"Shi ya sa kuka taru a kaina ranar?"

"Ai dole a kira mutane su gani." Sai ta lura da idon, fara'ar ta ragu. "Mama, ba ki ga likita ba tun ranar?"

Ba ta jira amsa ba. Ta kama hannun Inna, ta wuce da ita ta gaban masu jira har ƙofar likita.

Likitan ya maƙala hoton jikin wani allo mai fitila, ya sa Inna ta matso. Ya nuna mata da bayan biro. Ya ce waɗannan baƙaƙen wuraren kogunan iska ne da kowa yake da su a bayan hanci da goshi. Wannan farin kuma ƙashi ne, ƙashi zalla, mai tauri kamar hauren giwa, shi ya sa ya fi komai haske a hoton. Ya tsiro ne daga bangon kogon, a hankali, wataƙila tun tana budurwa. Ya ce ta dubi gefensa yadda yake sumul, a zagaye, bai ci ƙashin da ke kusa da shi ba. Mugun ƙari ba ya zama da ladabi haka.

"Ba daji ba ne ke nan?"

"Ba daji ba ne, Mama. Ba ya yaɗuwa, ba ya kisa. Mutane da yawa suna da ƙananansa har su tsufa ba su sani ba, mu ma ba ma taɓa su. Naki matsalarsa wuri. Ya girma ya shiga ramin ido, yana turo idon, kuma ta baya ya kusa jijiyar gani. Shi ya sa muka so a cire shi da wuri. An yi ta kiran lambar da kuka bari. Da farko aka ce kin yi tafiya, daga baya aka daina ɗauka."

Auta ta sunkuyar da kai. Inna ba ta kalle ta ba. Ta san lambar wa aka bari.

Ya rufe mata idon dama da tafin hannu, ya ɗaga yatsu ya ce ta ƙirga. Ta ga inuwar hannu, ba ta ga yatsu ba. Ya haska ƙaramar fitila, ya daɗe yana dubawa, ya koma kujerarsa. Ya ce za a sake hoto, za a yi aikin cikin gaggawa, kuma idon zai koma mazauninsa. Amma jijiya in ta daɗe a danne, abin da ya tafi ba lallai ya dawo ba.

"Da na zo lokacin da kuka kira fa?"

Likitan ya kawar da kai, ya hau gyara takardun gabansa. Inna ta ce, "Ni ba a ɓoye mini, Likita. An yi mini wannan ya ishe ni."

"Lokacin kina gani da shi sosai. Da muna sa ran ki ci gaba da gani."

A mota Auta ta riƙa cewa an gode Allah ba daji ba ne, tana share hawaye. Inna ma ta gode, har zuciyarta. Amma ɓacin ranta ya ƙi sauka. Ashe lafiyarta ƙalau, ashe ƙashi ne kawai wanda za a cire a huta. Ido guda aka ɗauke mata tana zaune a kan kujera ana ba ta shayi.

Manaja ya dawo daga aiki ya tarar da hoton shimfiɗe a kan teburin falo. Da Auta ta gaya masa, sai ya zube kan kujera, ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa don murna. Ya ɗago zai rungume Inna, ta ɗaga masa hannu.

"Asibiti sun kira ka?"

"Inna, na ɗauka za su ce a kawo ki ne su faɗa miki. Kin ga yadda aka yi da Baba. Don ke muka yi."

"Don ni. Ubanku da aka faɗa masa, shi ya zaɓi ya juya bango, fuskarsa ce. Ni wa ya tambaye ni? Na ce maka ina ganin abu biyu, ka ce likita ya yi tafiya. Na ce maka duhu yana rufowa, ka ɗiga mini ruwa. Kai da ko maɓalli ba ka iya ɗinkawa ba, ka ɗaga hoto a taga ka karanta mini ajali. Na yi fushi da kai, Manaja, fushin da ban taɓa yi da kai ba. Ba ni makullina."

Ya laluba aljihu ya ajiye shi a kan hoton.

An yi aikin, ta hanci aka bi, ko tabo babu a fuska. Aka nuna mata ƙashin a cikin 'yar kwalba, gutsi-gutsi, fari sol. Idon ya koma daidai da ɗan'uwansa, wanda bai sani ba ba zai ce wani abu ya taɓa samunsa ba. Hawayen ya tsaya, nauyin goshi ya tafi. Amma idon, haske da duhu kawai yake bambancewa.

Ranar da ta buɗe shago ta sa Manaja ya kawo ta kafin ya wuce ofis. Ta yaye zanin da ke kan keke, ta goge ƙura, ta ɗiga mai. Mai kantin zare ta aiko da zare kala-kala ba a tambaye ta ba. Inna ta zauna, ta ja zaren ta bi da shi duk inda yake bi, har ya iso bakin allura. Ta lashe shi, ta karkata kai wajen hasken ƙofa, ta cusa. Ya wuce ta gefe. Ta sake, ya wuce ta gaba. Tana ganin kafar allurar sarai, amma da ido ɗaya ba ta iya gane nisanta. Ta yi ta gwadawa har ta gaji, sannan ta saki zaren.

Manaja yana tsaye a ƙofa da makullin mota, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Inna, akwai wani ɗan ƙarfe da ake sayarwa mai zura zare. Zan sayo miki yau."

"Ba na so. Zo nan."

Ya matso. Ta miƙa masa bakin zaren.

"Daga yau aikinka ne. Kullum da safe kafin ka tafi tsara motocin mutane. In ya tsinke da rana kuma zan kira ka, a lambar nan dai da ka bar wa asibiti. Ina fata ni za ka ɗauka."

Ya durƙusa a kan simintin shagon da wandonsa mai karin guga, ya kama zaren da manyan yatsunsa, ya kai shi bakin allura. Ya kuskure. Ya sake, zaren ya tanƙware. Idanunsa suka cika, abin ya ƙara yi masa wuya, ya sa bayan hannu ya share.

Inna ta ɗora ƙafa a kan feda, ta gyara yadin a ƙarƙashin allura, tana jira.

"Lashi bakinsa tukuna," ta ce. "Ka yi a hankali, ba inda za ni."